Lissafin Tafiyar Ɗan Caca: Daga Bangi Zuwa Teburin Kasino

Kasino gida ne da aka gina musamman domin caca, mai lasisin hukuma, inda mutum yake karawa da gidan kansa. A nan ya sha bamban da cacar da Hausawa suka sani tun kaka da kakanni. A cacar wuri ta dā, da kartar da ake bugawa a bayan tasha ko a rumfar ƙarshen kasuwa, kuɗi yana zagayawa ne tsakanin waɗanda suka zauna a tabarma ɗaya, mai wurin ya cire ɗan kamashonsa, abin da wani ya rasa kuma yana aljihun na kusa da shi. A kasino kowa gida yake fuskanta, kuma an tsara ƙa'idar kowane wasa yadda wani kaso na duk abin da aka zuba zai riƙa zama a hannun gidan. Wannan kason shi ne yake biyan albashin ma'aikata, ya sayi man janareta, ya shimfiɗa dardumar da baƙo yake takawa.

Irin wannan gida ya daɗe a Turai. Hukumar birnin Benis ta ƙasar Italiya ta buɗe Ridotto a 1638, wanda ake ƙirgawa a matsayin gidan caca na farko da gwamnati ta amince da shi. A shekarun 1860 aka buɗe na Monte Carlo a Monako. Jihar Nebada ta Amurka ta halatta caca a 1931, daga nan Las Vegas ta tashi daga ƙaramin zangon jirgin ƙasa a hamada ta zama birnin da ake niƙar gari a je domin caca kawai. A can ne aka saba da abin da ake kira tafiyar caca cikin tsimi: mutum ya tafi shi kaɗai, ya nemi ɗaki mai araha, ya ƙayyade abin da zai ci, ya ware abin da zai zuba a tebur. Kasafin irin wannan tafiya gida huɗu ne, wato kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin abinci, da kuɗin zubi. Ukun farko ana iya taya su a rage. Na huɗun yana da nasa farashin da ba a tayawa, kuma shi ne mafi yawan matafiya ba sa lissafawa daidai.

Bangi ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Mariga a Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora ta Sarkin Sudan. Ƙasa ce ta noma da kiwo: masara, dawa, gero, wake, waken suya, da shanun da suka sa kasuwar Mariga ta yi suna har kudu. Kuɗi a irin wannan wuri yana da lokacinsa. Da kaka yake zuwa, bayan an sayar da amfanin gona, ko kuwa ranar da aka kai sa kasuwa aka dawo da damin kuɗi. Saboda haka abin da zai shiga aljihun mai niyyar tafiyar caca daga nan ba rarar albashi ba ce da za a sake samun irinta a ƙarshen wata. Kuɗin takin baɗi ne, ko na sadaki, ko jarin da ake juyawa.

Babu gidan kasino a Bangi. Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, hukuncin caca a addininsu kuwa ba abin da malamai suka yi saɓani a kai ba ne. Alƙur'ani ya ambace ta da sunan maisir a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sannan ya haramta ta tare da giya a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Jihar Neja tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999; ita ta bi sahu a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure. Tun kafin haka ma kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci a kan buɗe gidan caca. Ga kuma hukuncin gari, wanda sau da yawa ya fi na kotu zafi: wanda aka sani da caca ba a ba shi ajiya, ba a sa shi shaida, kuma idan ya je neman aure sai an yi dogon bincike.

A matakin tarayya al'amarin ya daɗe a cakuɗe. Gwamnatin soja ta haramta na'urorin caca, waɗanda ake kira kalo-kalo, da wata doka ta 1977. A 2005 aka yi dokar caca ta ƙasa, aka kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasisi daga Abuja. Jihar Legas ta ƙalubalanci wannan a kotu tun 2008, shari'ar ta yi ta jan ƙafa har ranar 22 ga Nuwamba 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke cewa caca hurumin jihohi ce, dokar 2005 kuma ba ta da iko sai a Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan ga mutumin Bangi ita ce abin da aka halatta a Maitama ta Abuja ko a Victoria Island ta Legas bai zama halal a dokar jiharsa ba. A Kano ma, 'yan makonni kafin hukuncin, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a cikin birni.

Manyan gidajen kasino na Nijeriya a cikin otal-otal masu tsada suke. A Abuja akwai na otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton. A Legas akwai na Federal Palace a Victoria Island, tsohon otal da ke da alaƙa da shagulgulan samun 'yancin kai na 1960, wanda kamfanin Sun International na Afirka ta Kudu ya taɓa riƙe hannun jari a ciki na tsawon shekaru. Ba a shiga irin waɗannan wurare sai an kai shekara 18, kuma ana neman katin shaida, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa gidajen caca cikin wuraren da tilas su san wanda suke hulɗa da shi, su kuma kai rahoton manyan kuɗaɗe. Wanda ya baro garinsu don kada a gan shi, to a bakin ƙofa za a rubuta sunansa, kyamara kuma tana kansa har ya fita.

Hanyar Abuja daga Bangi tana bi ta Kontagora, ta Tegina da Zungeru zuwa Minna, sannan Suleja. Ta Legas kuwa sai an gangara Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, a bi ta Ilori da Ibadan. Ta farkon wuni ce idan an yi sammako kuma an yi sa'ar mota. Ta biyun sai an haɗa da dare. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma yana sauyawa da farashin mai da lokacin Sallah, don haka duk adadin da mutum ya ji a bakin wanda ya yi tafiyar bara, sai ya ƙara a kai. Akwai wani farashin da ba a rubuta shi a tikiti. Yankin Mariga da Rafi ya sha fama da 'yan bindiga: a Fabrairun 2021 aka sace ɗaliban kwalejin kimiyya ta Kagara, a ƙarshen Mayun shekarar kuma aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina. Direbobin wannan hanya ba sa son tafiyar dare, kuma da gaskiyarsu. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da tafiyar da aka yi niyyar ta kwana ɗaya ta zama ta kwana uku: ranar zuwa, daren wasa, ranar komowa. Kwana biyu ke nan na kuɗin ɗaki.

A kan masauki ne lissafin ɗan caca yake rabuwa da na kowane matafiyi Bahaushe. Hausawa suna da tsohon tsarin sauka a baƙon gari wanda kusan kyauta ne. Falke ya san zangonsa. Mai kai shanu kudu ya san mai gidansa, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan mahauci ya ci bashi. Ladansa yana fitowa daga la'adar ciniki. Wannan tsari ne masanin zamantakewa Abner Cohen ya bibiya a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma har yau ana ganin irinsa a Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Legas. Wanda ba fatauci ya kai shi ba, yana da ɗan garinsu mai shago a Zuba ko Dei-Dei, ko wani ɗan'uwa mai gadi a Wuse, in ta ƙure kuma ga barandar masallaci. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga wanda zai iya amsa tambaya ɗaya: me ke tafe da kai? Ɗan caca ba zai iya amsa ta ba. Ko ya yi ƙarya da rana, dawowarsa ƙarfe uku na dare za ta tona shi, labari kuma zai riga shi isa Bangi, domin mai shagon Zuba yana waya da gida kullum. Sirrin da yake son rufewa shi ne yake tura shi otal, ya biya abin da ɗan'uwansa falke yake samu a banza.

Otal mai araha a Abuja kuwa ba a tsakiyar gari yake ba. Ana samunsa a Suleja da Madalla da Zuba ta wannan gefe, ko Nyanya da Karu da Mararaba ta wancan. Ɗaki ne mai katifa da fanka, bokiti a banɗaki, janareta da ake kashewa idan dare ya raba, da ƙofar da ake ƙara wa sakata da kujera. Da rana ana iya isa Maitama daga can da kuɗin motar haya kaɗan, a gwamutsu da ma'aikata. Matsalar ita ce kasino harkar dare ce. Lokacin da mutum zai fito, motocin layi sun tashi, an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, sai tasi ta shata, wadda kuɗinta zuwa Suleja a wannan sa'a kan iya kamo kuɗin ɗakin kansa ko ya wuce. Wanda ya ce zai tsaya a bakin titi ya tari kowace mota ya ba da kansa ga 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa ƙarƙaf a hanya. Idan ya ci, yana tafe da kuɗi cikin dare a garin da ba wanda ya san shi; idan an cinye shi, ba shi da na tasin. Hausawa suka ce araha ba ta ado, a nan kuwa ko tsimin ma ba ta yi, domin abin da aka rage a ɗaki yana fita ta ƙafar mota.

A Las Vegas abin ya juya. Can ana samun ɗaki mai kyau cikin ginin kasino kansa da kuɗi kaɗan, musamman a tsakiyar mako, ana kuma ba wanda yake wasa abin sha kyauta. Masu gidajen sun san abin da suke yi. Suna raba wa baƙi katin zama ɗan gida, wanda yake ƙirga yawan abin da mutum yake zubawa da tsawon zamansa a tebur. Daga nan su lissafa abin da ake sa ran zai bari, su mayar masa da wani ɓangare a matsayin ɗaki ko abinci. Ɗakin tsaba ce da ake watsa wa kaza. An kuma ƙirƙiro wani ƙarin kuɗi na dole da ake ɗorawa a kan kowane dare, wanda a dā sau da yawa ba ya cikin farashin da aka tallata. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, a inda harkar ta fi bunƙasa a duniya, masu ita sun yarda su yi asara a kan gado domin sun tabbata za su fanshe a kan tebur.

Dalilin wannan tabbaci lissafi ne, kuma wasan rulet ya fi kowanne nuna shi a fili. Faifai ne mai juyawa da gurabe 37: lamba 1 zuwa 36, rabi ja rabi baƙi, da sifiri guda mai launin kore. Ma'aikaci yana jefa ƙaramar ƙwallo, ta yi ta zagaye, ta faɗa gurbi ɗaya. Wanda ya sa kuɗi a kan lamba ɗaya ya dace, ana biyan sa ninki 35 tare da uwar kuɗinsa. Da adalci tsantsa ake bi, ninki 36 ya kamata a ba shi, tunda gurabe 36 ne suke gāba da shi. Wannan ɗayan da aka riƙe shi ne abincin gida: kashi ɗaya cikin 37, wato kashi 2.7 cikin ɗari. Wanda ya sa a kan ja ko baƙi ma haka ne, domin gurabe 18 ne nasa, 19 na gida, tunda idan ƙwallo ta faɗa sifiri an kwashe na kowa. A faifan Amurka, mai sifiri biyu da gurabe 38, kason gida ya haura zuwa kashi 5.26. A wasan karta na ashirin da ɗaya, wanda ya haddace ƙa'idar wasan sosai yana iya sauko da shi zuwa wajen rabin kashi ɗaya, amma baƙon da ya zo yau ba ya cikin waɗannan. Kalo-kalo kuwa, wadda ta fi jan mai ƙaramin ƙarfi saboda tana karɓar kuɗi kaɗan, kasonta ya fi na tebur nauyi, kuma ba a rubuta shi a jikinta.

Kashi 2.7 ba ya tsorata kowa, domin ana ɗauka a kan kuɗin aljihu ake cire shi. A kan duk abin da ya bi ta tebur ake cirewa, kuɗi ɗaya kuma yana iya bi ta tebur sau goma a dare guda. A ɗauki misalin mutum da ya ware naira 100,000 domin wasa, yana sa 5,000 a kowane juyi. Idan faifai yana juyawa sau 40 a awa, ya zauna awa huɗu, ya yi zubi 160. Jimlar abin da ya ɗora a tebur naira 800,000 ce, ko da yake bai taɓa riƙe wannan adadi a hannu ba. Kashi 2.7 na wannan ya kai 21,600. Wannan shi ne matsakaicin kuɗin zaman daren, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shigo da shi, kuma kusan sulusin mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a Yulin 2024. Wani daren zai tashi da riba, wani daren a yi masa tas kafin sha biyu, amma idan aka tara darare da yawa, can lissafin yake komawa.

Akwai wani abin mamaki a nan da yake cin karo da tunanin mai tsimi. Hankali yana ba mutum cewa ƙaramin zubi ya fi aminci. Idan burinsa ya daɗe a zaune, haka ne. Idan burinsa ya ninka kuɗinsa ne, to akasin haka ne. Wanda ya ɗora 100,000 ɗin gaba ɗaya a kan ja sau ɗaya, damarsa ta ninkawa 18 ce cikin 37, wato kusan kashi 49 cikin ɗari. Wanda ya rarraba ta biyar-biyar, ya ce ba zai tashi ba sai ta zama 200,000 ko ta ƙare, damarsa ta sauka zuwa wajen kashi 25. Wanda ya bi ta da dubu ɗai-ɗai kuwa, ko sau ɗaya cikin 200 ba zai kai ba. Kowane ƙarin juyi ƙarin dama ce ga sifiri ta yi aikinta. Amma ba wanda zai yi wuni a mota daga Bangi, ya kama ɗaki kwana biyu, don ya yi wasan minti ɗaya ya fito. Wahalar hanyar ita ce take zaunar da shi, zaman kuma shi gida yake so.

Dabarar da aka fi yaɗawa tsakanin sababbin shiga ita ce ninka zubi bayan kowace faɗuwa: a fara da 1,000, in an faɗi a sa 2,000, sai 4,000, har ranar da za a ci a maido da komai da ribar dubu ɗaya. Tana aiki sau da yawa, shi ya sa take da masoya. Sai dai faɗuwa shida a jere tana cinye 63,000, zubi na bakwai yana bukatar 64,000, mai 100,000 kuwa saura 37,000 a hannunsa. Faɗuwa shida a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 55, abin da dare ɗaya ko biyu ya isa a gani. Ko mai kuɗin ma gida ya tare masa gaba, domin kowane tebur yana da iyakar abin da ake sawa. Ƙanwar wannan dabara ita ce zaton cewa launin da ya daɗe bai fito ba ya kusa. Ana ba da labarin wani dare na Agustan 1913 a Monte Carlo da baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta tula dukiya a kan ja suna cewa yanzu kam dole. Faifai ba ya tuna abin da ya yi a juyin baya.

Tafiya shi kaɗai tana rage kuɗin mota da na abinci, amma tana cire abin da ya fi kowane kasafi tsare mutum, wato idon wanda yake jin kunyarsa. A tabarmar karta ta gida akwai wanda zai ce, "Malam, ya isa haka, tashi mu tafi," akwai kiran sallar asuba, akwai matar da za ta tambayi kuɗin cefane da safe. Zauren kasino yawanci ba taga ba agogo, kuɗi kuma an canja shi zuwa 'yan fayafayan roba masu launi, waɗanda hannu ba ya jin nauyinsu kamar yadda yake jin na takardar dubu. A dā, in aljihu ya ƙare wasa ya ƙare. Yanzu asusun banki yana cikin waya, ga na'urar POS, ga manhajojin ba da rance da suke turo kuɗi cikin mintuna da ruwa mai nauyi. Abin da masana suke kira bin asara, wato ƙara zubi don a fanshe wanda ya tafi, yana cikin manyan alamomin cutar caca, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa a sahun jarabobi a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta haka.

Waɗanda suka daɗe a harkar a ƙasashen da ta zama ruwan dare suna da ƙa'idojin da suke ba juna: a sayi tikitin komowa tun kafin a tashi, a biya ɗaki gaba ɗaya, a bar katin banki a masauki, a ɗauki kuɗin zubi a matsayin wanda ya riga ya tafi, a sa lokacin tashi, kada a ci bashi, kada a sha abin da zai gusar da hankali. Ƙa'idoji ne masu ma'ana, kuma duk cikinsu babu wadda ta yi alkawarin riba. Iyakarsu su sa mutum ya san girman ramin kafin ya faɗa. Ta farkon ma ba ta cika aiki a tashoshin Arewa ba, inda ake biyan kuɗin mota ranar tafiya, a hannun ɗan kamasho. Wanda ya ci kuma akwai haraji: ƙa'idojin cire haraji daga tushe da suka fara aiki a Janairun 2025 sun sa kashi 5 cikin ɗari a kan abin da mazaunin ƙasa ya ci a caca.

Gaskiyar magana, matasan Bangi da Kontagora ƙalilan ne za su taɓa taka ƙofar kasino. Cacar ce ta zo ta same su. Kamfanin Premier Lotto na Kessington Adebutu, wanda kowa ya sani da Baba Ijebu, ya fara a 2001. Bet9ja ya biyo a 2013, wasu suka bi bayansa, kuma duk wanda ke da waya da data yana da teburinsa a aljihu. An huta da kuɗin mota da na ɗaki, amma kason gida ya ninka sau da yawa. A Baba Ijebu ana zaro lamba 5 cikin 90. Damar a ce lambobi biyu da mutum ya zaɓa duk sun fito ita ce 10 cikin 4,005, wato kusan ɗaya cikin 400, biyan da aka saba yi kuwa ninki 240 ne. Kenan a kowace naira 100 da aka zuba, wajen 40 ba ta dawowa. Cacar ƙwallo ma haka take ga mai jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya: idan kamfani ya riƙe kashi 5 a kowane wasa, wasa goma a jere sun kai kason wajen kashi 40, shi ya sa kullum ake jin cewa wasa ɗaya ne ya yanke tikiti. Idan aka auna da wannan ma'auni, rulet ɗin Maitama ya fi shagon bakin tasha sauƙin yanka, sai dai wuƙarsa ta fi sauri.

Ƙasashen da suke cin abinci da kasino sun san wannan lissafi, kuma yadda suke yi da 'yan ƙasarsu ya isa shaida. Monako ta hana 'yan ƙasarta yin caca a Monte Carlo. A Masar gidajen kasino na otal-otal baƙi masu fasfon waje kawai suke karɓa. Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar shiga na Genting. Singafo, da ta buɗe nata biyu a 2010, ta ɗora wa ɗan ƙasa kuɗin shiga dala 100 ta ƙasar a kowace rana, ta ƙara zuwa 150 a 2019, baƙo kuwa ya wuce kyauta. A Koriya ta Kudu gida ɗaya tak aka yarda ɗan ƙasa ya shiga, shi ma an kai shi can cikin duwatsu, a tsohon yankin haƙar kwal. Duk sun ɗauki kasino a matsayin hanyar karɓar kuɗin matafiyi.

Idan aka haɗa gidajen kasafin huɗu wuri ɗaya, hoton yana fitowa. A ƙaddara mota zuwa da dawowa, ɗaki kwana biyu, tasin dare da abinci sun ci naira 60,000, an kuma shiga da 100,000. Tun kafin a juya faifai, mutumin yana bin kansa bashin 60,000. Sai kuɗin zubinsa ya kai 160,000 sannan a ce ya koma gida yadda ya fito. Idan yana sa 5,000 a kan ja ko baƙi, ya ƙudura ba zai tashi ba sai ya kai wannan adadi ko ya ƙare, lissafi ya nuna zai kai sau 42 cikin 100. A sauran 58 ɗin zai hau motar Kontagora ba tare da ko sisi daga cikin 160,000 da ya baro Bangi da ita ba.